Yadda "mu" da "su" ke zama gaba: tambayoyi kan nazarin ƙyama tsakanin jama'a

Me masu wannan nazari ke bincika?

Masana halayyar ɗan Adam a cikin jama'a sukan raba abin gida uku: kuɗin goro da ake yi wa mutane ("ai duk halinsu ɗaya"), ƙyamar da ke zuciya, da wariyar da ake nunawa a aikace. Ukun ba kullum suke tafiya tare ba. Littafin da Gordon Allport ya fitar a 1954 kan ƙyama shi ne tubalin fannin.

Sai an yi takara kan wani abu kafin gaba ta tashi?

Takara tana rura wutar. A 1954 Muzafer Sherif ya kai yara maza 22 sansanin Robbers Cave a jihar Oklahoma ta Amurka, ya raba su biyu, ya sa musu gasa. Ba a daɗe ba suka fara zage-zage, har wani ɓangare ya ƙona tutar ɗayan.

Abin da Henri Tajfel ya gano a Bristol ta Ingila ya fi tayar da hankali. A binciken da ya wallafa a 1971, an ce wa 'yan makaranta an raba su ne bisa zanen wanda suka fi so cikin masu zane biyu, Klee ko Kandinsky. Ba su san waɗanda ke rukuninsu ba, babu tsohuwar gaba. Duk da haka, da aka ba su maki su raba, sai suka fifita nasu. Da yawa ma sun gwammace nasu su samu kaɗan muddin sun zarce ɗaya ɓangaren. Tajfel Bayahude ne haifaffen Poland da ya rasa danginsa a hannun 'yan Nazi, don haka tambayar ba ta wasa ba ce a wurinsa. Daga nan shi da John Turner suka gina bayaninsu: mutum yana samun wani yanki na darajarsa daga rukuninsa, shi ya sa yake son nasu su fi.

Ta yaya ake auna abin da mutum ba zai faɗa ba?

A duba abin da yake yi. A binciken da Bertrand da Mullainathan suka wallafa a 2004, an aika takardun neman aiki a Boston da Chicago, ƙwarewa iri ɗaya, sunaye kawai aka sauya. Masu sunayen farar fata sun samu kiran ganawa fiye da masu sunayen baƙar fata da kusan kashi 50 cikin ɗari. Akwai kuma gwajin kwamfuta na 1998 mai auna saurin haɗa suna ko fuskar farar fata ko baƙar fata da kalma mai kyau ko mummuna. Ya yi suna, amma a ganina an zuzuta shi: sakamakon mutum ɗaya yakan sauya daga zama zuwa zama.

Cuɗanya tana maganin ƙyama?

Tana yi, amma zama wuri ɗaya kawai bai isa ba. Yaran Sherif da aka haɗa cin abinci, jifa suka yi da shi. Sai da ruwan sansanin ya ɗauke, motar abinci ta ƙi tashi suka taru suka ja ta da igiya, sannan gabar ta lafa. Allport ya kafa sharuɗɗa: matsayi ɗaya, buri ɗaya, aiki tare, da goyon bayan hukuma. A 2006 Pettigrew da Tropp suka tattara bincike 515, suka ga cuɗanya tana rage ƙyama a mafi yawansu.

Tana da iyaka dai. Salma Mousa ta haɗa Kiristoci da Musulmi a ƙungiyoyin ƙwallo a arewacin Iraƙi bayan ta'asar ISIS, ta wallafa sakamakon a 2020. Kiristocin da suka buga da Musulmi sun fi yarda su ci gaba da atisaye da su, amma wannan bai sa sun fi zuwa taron da za su haɗu da Musulmin da ba su sani ba.