Koyar da masu neman mafaka Turanci a Ingila: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Duk ɗan'uwan da ya ji ina koyar da 'yan gudun hijira Turanci kyauta, tambayoyi iri ɗaya yake jero mini, a masallaci, a waya, har a gidan suna. Ga amsoshin a wuri guda.

Sai ina da shaidar malanta?

A'a. Ajin hira ba ya neman takarda. Idan aikin albashi kake so a kwaleji, can ne za a tambaye ka CELTA ta Cambridge, wato takardar shaidar koyar da Turanci, ko makamanciyarta.

Ana biya?

Ba a biya. Wasu ƙungiyoyin suna mayar da kuɗin mota.

Turancina na gida ne, ba za a yi mini dariya ba?

Wa zai yi? Matar da ta fito daga Eritiriya ko Afganistan so take ta iya gaya wa likita inda ke yi wa ɗanta ciwo. Kai da ka koyi Turanci a aji ka fi ɗan ƙasa sanin inda yake da wuya. Kwantar da hankalinka, ka rage sauri kawai.

Me ya hana su zuwa kwaleji?

A Ingila mai neman mafaka sai ya yi wata 6 yana jiran hukunci kafin ya cancanci ajin ESOL (Turanci ga masu jin wasu harsuna) da gwamnati ke tallafa wa, sannan ya shiga layi. Galibinsu an hana su aiki. Abin da ake ba mutum kusan fam 49 ne a mako, wanda ke otal ana ciyar da shi kuwa bai wuce fam 10 ba. Cire kuɗin bas ka ga abin da ya rage. Saboda haka a daina cewa ba su da himma.

Ɗalibi ya kawo mini wasiƙar Ma'aikatar Cikin Gida, ya ce in taimaka. Yaya zan yi?

Nan ne wurin da nake so a natsu. A Birtaniya, ba da shawara kan shari'ar shige da fice ba tare da rajista ba laifi ne a ƙarƙashin dokar 1999, ko da kyauta ka yi wa ɗaliban ƙungiyarku. To amma ina iyakar take? A ganina, ka karanta masa wasiƙar, ka nuna masa ranar da aka rubuta da wurin da ake kiransa, wannan bai fita daga darasi ba. Da zarar ka ce "ka rubuta kaza" ko "kada ka faɗi kaza a ganawa", ka tsallake. Tsakanin biyun akwai wuri mai santsi: ya tambaye ka ma'anar kalma, ka fassara, sai ya ce to me zan yi? Nan nake tsayawa in ce wannan na lauya ne.

Ƙungiyoyi ma sun bambanta. Wata ta yarda ka duba wasiƙar, wata ta ce ko taɓa ta kada ka yi, ka kai wa mai kula da shirin. Ka tambayi taku tun ranar farko. Idan akwai wa'adi a jikin takardar, kada ka bari sai mako mai zuwa. A ranar ka haɗa shi da lauyansa, ko ƙungiyar taimakon 'yan gudun hijira kamar Refugee Council, ko British Red Cross, ko duk wadda ke aiki a garinku.

Abin ya fi nauyi idan ɗalibin daga Sudan yake, inda yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, kuma ya kasance Bahaushe ne na can. Zai ce, "Ɗan'uwa, don Allah, kai ne nawa." Zuciya za ta karye. Duk da haka, kalma ɗaya da ka gyara masa da kyakkyawar niyya tana iya saɓa wa abin da ya faɗa a baya, a ce labarinsa ba ya tafiya daidai. Ka raka shi ofishin lauya idan an yarda, ka zauna tare da shi a ɗakin jira. Takardar dai ka bar wa masu ita.

Za a bincike ni?

Sau da yawa, e. Sunan binciken DBS, wato duba ko kana da tarihin aikata laifi, kuma kyauta ne ga 'yan sa-kai.

Zan iya tambayarsu yadda suka iso?

Haba! Mutum ya ratsa hamada da teku, jami'ai sun yi masa wannan tambayar har ya gaji, kai ma ka ɗora? Ko darasin "iyalina" ka yi hattara da shi, domin akwai wanda bai san inda mahaifiyarsa take ba. In ya kawo zancen da kansa, ka saurara, kada ka tona.

Me zan fara koyarwa?

Abin da za su buƙata gobe: suna, adireshi, ranar haihuwa a jikin fom, jadawalin bas, rubutun kwalin magani. Za ka ga dattijon da ya saba da rubutun Larabci ya ɗora biro a gefen dama na takarda, ka mayar da shi hagu a hankali. Wata kuma ba ta taɓa riƙe fensir ba, ga injiniya zaune kusa da ita. Ka raba su rukuni-rukuni, kada ka kunyata kowa.

Zan riƙa leƙowa idan na samu lokaci?

A'a. Ɗalibai za su yi fashi, wani a sauya masa gari dare ɗaya, wani yana da ganawa da jami'ai. Su suna da uzuri. Kai ka zaɓi rana ɗaya a mako, awa biyu, ka riƙe ta aƙalla wata uku. Ranar da ba za ka samu zuwa ba, ka sanar da mai kula tun kwana ɗaya kafin nan.