Waiwaye: yadda kanel ɗin Linux ya koyi auna wa kwantenoni memori

A goman ƙarshe na azumin bara, bayan an sallame tarawihi, muna ofis a Jidda sai wani ƙanena a wurin aiki, matashi Bakano da bai cika shekara da zuwa Saudiyya ba, ya juyo mini da allon kwamfutarsa. Ya ce, "Yaya, manhajar kama ɗakuna ta sake mutuwa, karo na huɗu ke nan tun buɗa-baki." Kamfanin da muke wa aiki yana shirya wa masu Umara masauki da motoci, kuma wanda ya san Makka a waɗannan darare ya san ba lokacin da manhaja za ta kwanta ba ne. A allon an rubuta OOMKilled, wato an kashe ta saboda ƙarewar memori, ga lamba 137 a gefe. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne uwar garken, wato babbar kwamfutar da manhajar ke gudana a kai, tana da memori gigabait 64, ko rabi ba a ci ba. Ya ce, "To wa ya kashe ta, kuma da wane laifi?"

Kanel ne ya kashe ta, wato zuciyar Linux da ke raba wa kowane aiki rabonsa na injin. Lambar 137 kuwa 128 ce aka tara da 9, kuma 9 ita ce siginar kisa da babu manhajar da ta isa ta ƙi amsawa. Laifin da ta yi kuma, ba a gane shi sai an koma baya shekara kusan ashirin, lokacin da ake ta ja-in-ja kan yadda za a raba kwamfuta ɗaya tsakanin baƙin da ba su san juna ba.

Manhajarmu a cikin kwantena take gudana, wato keɓaɓɓen ɗaki da ake ware wa manhaja a cikin uwar garke, amma a cikin kanel ɗin Linux babu wani abu guda ɗaya mai suna kwantena. Abin da muke kira kwantena haɗin kayan aiki ne iri biyu. Akwai labule, mai hana aiki ganin abin da ke wajen ɗakinsa. Akwai kuma mudu, mai auna abin da zai ci. Docker da Kubernetes, manhajojin da ake haɗa kwantenoni da gudanar da su, suna ɗinka waɗannan biyun ne kawai su miƙa maka.

Labulen shi ya fi tsufa. Tun 1979 Unix, tsarin da Linux ta yi koyi da shi, ta samu chroot, wanda ke sa aiki ya ɗauka cewa wata ƙaramar jakar fayiloli ita ce duk duniyarsa. A 2000 Poul-Henning Kamp ya kawo tsarin kurkuku a FreeBSD 4.0, Solaris 10 ta zo da yankunanta a 2005, a shekarar kuma aka saki OpenVZ, wani tsarin kwantenoni na Linux. A Linux ɗaya bayan ɗaya aka rataye labulayen: na tsarin fayiloli a 2002, na sunan inji da na saƙonni tsakanin ayyuka a 2006, na lambobin ayyuka a 2008, na masu amfani kuma bai kammala ba sai siga ta 3.8 a 2013. An sha wahala, amma tambayar a bayyane take: me zai gani, me ba zai gani ba.

Mudun ne ya tayar da ƙura. Kamfanin IBM ya kawo nasa tsarin mai suna CKRM, masu kula da kanel suka ga ya yi nauyi da yawa. Mutanen OpenVZ suka kawo nasu lissafin da suka daɗe suna amfani da shi a wuraren hayar uwar garke, shi ma bai shiga yadda yake ba. A 2006 injiniyoyin Google biyu, Paul Menage da Rohit Seth, suka bi ta wata hanya. Akwai wani tsari da ya riga ya shiga kanel mai suna cpusets, wanda ke haɗa ayyuka rukuni-rukuni don a ware musu na'urorin sarrafawa. Sai suka ciro dabarar haɗa rukunin ta zama ta kowa, ta yadda duk mai son auna wani abu zai rataya ma'auninsa a jiki. Da farko kwantenar ayyuka suka kira shi, amma kalmar kwantena ta riga ta yi ma'anoni da yawa a bakin mutane, sai aka sauya masa suna zuwa cgroups a 2007. Ya fito a siga ta 2.6.24 a Janairun 2008. Ma'aunin memori ya biyo baya a 2.6.25, watan Afrilu na shekarar, aikin Balbir Singh na IBM da Pavel Emelyanov na OpenVZ, daga baya Kamezawa Hiroyuki na Fujitsu ya ɗauki kaso mai yawa na renonsa.

Me ya sa memori ya fi komai wuyar rabo? Lokacin na'urar sarrafawa kamar layin famfo ne. Idan wani ya daɗe a kai, sai a ce ya matsa, na baya ya ɗiba, babu wanda ya yi asarar abin da ke bokitinsa. Memori ba haka yake ba. Kanel yana yanka shi shafi-shafi, galibi kowane shafi bait 4096, kuma da zarar ya ba aiki shafi, aikin ya zuba bayanansa a ciki. Karɓowa sai da dabara. Idan kwafin fayil ne da ke kan faifai, a zubar, in an buƙata a sake karantowa. Idan an yi masa gyara, sai an fara rubuta shi a faifai. Idan bayanan aikin ne na kansa, babu inda za a kai su sai wurin musaya a faifai, kuma uwar garke da yawa ba a kunna musu wannan. In duk ƙofofin nan sun rufe, abin da ya rage wa kanel shi ne ya kira hauninsa, ya zaɓi aiki ɗaya ya sare. Kafin 2008 haunin yana fitowa ne idan injin gaba ɗaya ya ƙare da memori. Ma'aunin nan shi ya ba kowane rukuni haunin kansa. Shi ya sa kwantena ke iya mutuwa alhali uwar garke tana da sarari fal.

Sai kuma tambayar da har yau ban ga an warware ta yadda rai zai kwanta ba: shafin da mutum goma ke amfani da shi, a kan wa za a rubuta? Lokacin da na fara zuwa Jidda mu huɗu muke haya a gida ɗaya, tukunyar gas ɗaya a kicin. Ranar da ta ƙare, wanda ya tashi dafa shayi ya tarar babu wuta shi ke saɓa ta ya je ya canjo da kuɗinsa, sauran mu yi ta girki a kai har wata ya ƙare. Kanel ma hukuncin da ya yanke ke nan: wanda ya fara taɓa shafi, shi ake rubuta wa. Idan kwantenoni goma suna karanta fayil ɗaya, ta farko ce ke ɗauke da bashin. An zaɓi haka ne domin raba kuɗin shafi daidai tsakanin masu amfani zai ci lissafin da ya fi amfaninsa. Na fahimci uzurin, amma yana da wutsiya. Kwantena takan mutu ta bar shafukan da aka rubuta da sunanta, wasu na ci gaba da amfani da su, sai littafin lissafinta ya ƙi rufuwa. A injin da ake ta buɗe kwantenoni ana rufewa, irin waɗannan matattun littattafai kan taru su ci wuri, kuma masu kanel sun shafe shekaru suna rage wannan matsala faci bayan faci.

Littafin lissafin ma kansa yana cin memori. A farkon zamani kowane shafi yana da rajistar bait 40 a injin 64-bit, kusan kashi ɗaya cikin ɗari na duk memorin ke nan, ko kana amfani da kwantena ko ba ka yi. A uwar garke irin tamu hakan ya haura megabait 600. Saboda haka Debian, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ta daɗe tana barin ma'aunin a kashe sai wanda ya kunna da hannunsa. A hankali aka yi ta rage rajistar, har Johannes Weiner ya kawar da ita a siga ta 3.19 a 2015, ya bar ɗan manuni kawai a jikin bayanin shafin. Akwai kuma wata ɓaraka: ma'aunin farko yana ƙirga abin da aiki ya ci ne kawai, ba ya ƙirga abin da kanel ya kashe a madadinsa. Aiki zai iya buɗe fayiloli da ƙananan ayyuka bila adadin, ya cinye injin, mudunsa na nuna bai ci komai ba. Glauber Costa ya kawo lissafin wannan ɓangare a 3.8, sannan Roman Gushchin ya sake gina shi a 5.9 a 2020 domin tsohon yana ɓarnar wuri.

Ana cikin haka Docker ta fito a Maris 2013, Kubernetes ta biyo a 2014. Kayan da aka ƙera don manyan rumbunan Google da masu hayar uwar garke suka faɗa hannun kowa, nan take aibin ginin farko ya fito fili. A cgroups na farko kowane ma'auni yana da bishiyar rukunansa daban: na memori da tasa, na faifai da tasa. Aiki yakan rubuta bayanai su zauna a memori tukuna, daga baya kanel ya kwashe su zuwa faifai. A lokacin kwashewar, ma'aunin faifai bai san na wane ne ba, domin sunan mai shi yana littafin memori. Saboda haka iyakar da ka sa wa kwantena kan rubutu a faifai ba ta kama irin wannan rubutun. Tejun Heo, wanda ya karɓi ragamar cgroups, ya yanke cewa faci ba zai yi ba, sai sabon gini mai bishiya ɗaya tak, wato siga ta biyu ta cgroups. An fara gwajinsa a 3.16 a 2014, aka tabbatar da shi a 4.5 a Maris 2016. Ma'aunin na'urar sarrafawa bai shigo ba sai 4.15 a 2018, bayan doguwar muhawara.

A ganina babban abin da siga ta biyu ta kawo shi ne sauya tunani kan iyaka. A da katanga ɗaya ce mai aiki sosai: ka taɓa ta, in ba a samu abin karɓewa ba, hauni ya zo. Iyaka mai laushi da aka ƙara mata ba ta taɓa zama abin dogaro ba. Yanzu akwai matakai. memory.max ita ce katangar ƙarshe. A ƙasanta akwai memory.high, inda in rukuni ya haura, kanel zai matsa masa da karɓe shafuka ya kuma rage masa gudu, amma ba zai kashe shi ba. Akwai memory.low da memory.min, masu kare rabon rukuni daga maƙwabta masu haɗama. Sannan a 4.20, Disambar 2018, Weiner, yana Facebook a lokacin, ya kawo ma'aunin matsi mai suna PSI. Wannan ba ya tambayar nawa aka ci. Yana tambayar kashi nawa na lokaci ayyuka suka tsaya cik suna jiran memori, a daƙiƙa 10 da 60 da 300 da suka wuce. Tambayar da ta dace ke nan, domin memori cike ba ciwo ba ne in babu mai jira. Kanel da gangan yake cika shi da kwafin fayiloli.

Ƙaura zuwa siga ta biyu ta ɗauki lokaci. A cikin nau'o'in Linux, Fedora 31 ta fara a 2019, Ubuntu ta bi a 21.10, Kubernetes ta tabbatar da goyon bayanta a 1.25 a 2022. A nan Saudiyya wannan ya zo daidai da buɗe rumbunan girgije, na Oracle a Jidda a 2020 da na Google a Dammam a 2023, kuma matasanmu da yawa da ke shiga aikin nan sun fara ne daga Kubernetes kai tsaye. Suna rubuta iyakar memori a fayil ɗin tsari, ba tare da an taɓa gaya musu cewa lambar tana sauka ne a memory.max, wato a katangar da hauni ke tsaye bayanta. Wannan yana damuna, domin ba gazawarsu ba ce, mu da muka riga su ne ba mu nuna musu ƙasan ginin ba.

Mu koma daren nan. Akwai wurin da labule da mudu ba su haɗu ba har yau: aikin da ke cikin kwantena in ya leƙa /proc/meminfo, memorin uwar garke gaba ɗaya yake gani, ba rabonsa ba. Manhajarmu da Java aka rubuta ta, kuma Java in ba a gaya mata ba, takan ɗauki rubu'in memorin da ta gani a matsayin iyakar tarin bayananta. An koya mata karanta cgroups a siga ta 10 a 2018, aka mayar da gyaran zuwa tsohon layin Java 8 a sigar 8u191. Amma wancan karatun na ginin farko ne. Layin Java 8 bai iya karanta gini na biyu ba sai 8u372 a 2023. Mu kuwa kafin azumi mun sabunta uwar garkenmu zuwa tsarin da ke kan siga ta biyu, muka bar tsohuwar Java a cikin kwantenar. Sai ta duba ta ga gigabait 64, ta ɗauka tana da izinin 16, alhali mudun da muka yanka mata 2 ne. A ranakun da babu cinkoso ba ta kai katangar ba. Da buƙatun goman ƙarshe suka taso, ta miƙe ƙafa, kanel ya sare ta.

Na ce masa, "Ƙanena, buɗe fayil ɗin memory.events na rukunin." Ya buɗe, ga adadin kisan a rubuce a layin oom_kill. Muka rubuta wa Java iyakarta da hannu, ƙasa da gigabait 2 don a bar wa sauran buƙatunta wuri, muka ɗaga kwantenar, sabunta sigar kuma muka bar shi sai bayan Salla. Ya zauna ya buɗe memory.pressure a wata taga yana kallon lambobin, ni kuma na sauka na sayo mana ful da tamis a shagon ƙasa. Har aka kira sallar asuba layin oom_kill bai ƙara ko ɗaya ba.