Taron Babura na Sturgis: Yadda Ake Tafiyar Ayari a Duwatsun Black Hills

Wane taro ne wannan, kuma a ina ake yin sa?

Sturgis ƙaramin gari ne a gefen duwatsun Black Hills, a jihar Dakota ta Kudu a Amurka, mazaunansa ba su wuce 7,000 da 'yan kai ba. Amma duk watan Agusta, kwana goma cur, masu babura kusan rabin miliyan ke cika shi maƙil. Wani dillalin babura ƙirar Indian, Clarence Hoel, da ƙungiyarsa ta Jackpine Gypsies ne suka fara taron a 1938, da tseren da mutum tara kacal suka fafata. A 2015, karo na 75, mahalarta sun haura 700,000.

Me ke jan mutane, garin ko hanyar?

A ganina hanyar ce. Garin dai hayaniya ne da kasuwa da kiɗa, wanda ya tsaya nan kaɗai bai ga komai ba. Titin Iron Mountain kilomita 27 ne kawai, amma kwanar hanya 314 gare shi, da gadoji uku na katako inda titin ke murɗawa ya hau kansa, da ramuka uku da aka fasa cikin dutse. Kana fitowa daga duhun ramin sai ka hango Dutsen Rushmore a gabanka, fuskokin shugabannin Amurka huɗu da aka sassaƙa tsakanin 1927 da 1941. Da gangan aka saita ramukan haka. Sai titin Needles, wanda aka gama a 1922, yana ratsa tsaunuka masu tsini, kuma ɗaya daga ramukansa faɗinsa bai kai mita biyu da rabi sosai ba, sai ɗaya ya wuce ɗaya ya shiga. Peter Norbeck, tsohon gwamnan jihar, a ƙafa da kan doki ya bi ya shata hanyar, don a bi ta a hankali.

Yaya ake jera ayari?

Gogagge ne a gaba, shi ne madugu, ya san hanya da wuraren shan mai. Wani gogaggen a can baya, ɗauke da kayan gyara da na agajin gaggawa, ba ya wuce kowa. Sabbin hannu a bi su kusa da madugu. A miƙaƙƙen titi ana yin kaɗa-kaɗa: wannan a hagun layi, na bayansa a dama, tazarar daƙiƙa biyu tsakaninka da wanda ke saitinka. Ayari ya wuce babur bakwai, gara a raba shi biyu. Kafin a tada inji a yi magana kan alamun hannu da inda za a haɗu in an rabu.

To in an shiga kwanar hanya fa?

Nan ne jerin ke warwarewa, a koma layi ɗaya, a ƙara tazara, domin kowa na buƙatar faɗin layinsa gaba ɗaya. Kuma nan ne ake rasa mutane. Wanda bai ƙware ba ya ga na gabansa ya ɓace a kwana, kunya ta kama shi, ya murɗa totur don kada a ce ya zama kurar baya, sai ya shiga kwanar da gudun da ya fi ƙarfinsa, idonsa ya kafe kan ramin da yake tsoro, babur kuwa inda ido ya kalla yake nufa. Kowa ya yi gudun da hankalinsa ya kwanta da shi, ayari ya jira a mararraba ta gaba. Madugun da ba ya jira bai cancanci gaba ba. A rage gudu tun kafin kwana, a kalli mafita. A gangara kuma a sauko da giya, inji ya riƙe babur, don birkin da aka danne tun daga sama yakan yi zafi ya daina kamawa.

Akwai wani haɗari ban da titin?

Ɓauna. Gandun daji na Custer da ke cikin waɗannan duwatsu na da su sama da 1,000, sukan tare hanya, kuma Agusta lokacin barbararsu ne. A tsaya nesa, kada a sauka ɗaukar hoto kusa da su. Da la'asar hadari kan taso ba shiri, wani lokaci har da ƙanƙara, shi ya sa fitar sassafe ta fi. Dokar jihar ba ta tilasta wa wanda ya kai shekara 18 sa hular kwano ba. Ka sa taka.

Ƙasar wa ake ratsawa?

Ga ƙabilar Lakota waɗannan duwatsu wuri ne mai tsarki. Yarjejeniyar da suka yi da gwamnatin Amurka a 1868 ta bar musu su, aka ƙwace bayan an gano zinariya. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta ce a biya su diyya, suka ƙi karɓa, suka ce ƙasarsu suke so. Dutsen Bear Butte, dab da Sturgis, har yau wurin ibadarsu ne. Wanda ya je can ya ga ƙyallaye ɗaure a rassan itatuwa, na addu'a ne, kada ya taɓa, kada kuma ya tsaya yana zuga inji.