Dokar korona a makaranta: me ke kan malami, me ke kan mai makaranta?

Bayan ranar 26 ga Janairun 2021 da aka ce Buhari, shugaban ƙasa na lokacin, ya sa hannu a dokar kare lafiya ta korona, ofishin malamai na makarantarmu ya ɗau lokaci bai huta da gardama ba. Wata malama da ta girme ni nesa ba kusa ba ta tsare ni lokacin tara, ta ce "Malam, don girman Allah gaya mini gaskiya, wai in aka shigo ajina aka tarar da yaro ba takunkumi, ni za a ɗaure wata shida?" Na ce mata a'a Hajiya, ba haka abin yake ba, amma na lura tsoron nata na gaske ne kuma ba ita kaɗai ba ce, shi ya sa na ga gara in zauna in warware maganar yadda na karanta ta. Duk abin da ke biye yadda abubuwa suke ne a wancan lokacin, farkon shekarar 2021.

Abu na farko da ke rikita mutane shi ne takardu biyu ne, ana ta haɗa su kamar ɗaya. Ta farko ita ce ƙa'idojin sake buɗe makarantu da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar a watan Yulin 2020 tare da haɗin gwiwar hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, wato NCDC. Wannan jagora ce, tana gaya wa jihohi da masu makarantu abin da ya kamata su tanada kafin su buɗe ƙofa, ba ta ɗaure kowa. Ta biyun ita ce wadda aka sa wa hannu a Janairu, ita kam a lokacin doka ce mai haƙori, an rataye ta ne a jikin tsohuwar Dokar Killacewa ta 1926, kuma ita ce ke ɗauke da maganar tara ko ɗaurin wata shida ko duka biyun.

Kowa ya san yadda muka zo nan. An samu mutum na farko mai cutar a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, kafin ƙarshen Maris an rufe makarantu kaf, muka zauna a gida wata da watanni wasu na bin darasin rediyo. Ranar 4 ga Agusta aka dawo da 'yan ajin ƙarshe saboda WAEC da aka fara 17 ga watan, makarantun tarayya 104 suka buɗe 12 ga Oktoba, jihohi kowacce ta sa ranarta. Ba mu gama zama ba cutar ta sake tasowa a Disamba, aka ce kowa ya dakata sai 18 ga Janairun 2021. Har kwamitin majalisar wakilai mai kula da ilimin matakin farko ya nemi a ƙara ɗagewa da wata uku, ba a ɗage ba, muka koma.

Kafin wannan komawar ma'aikatar ilimi ta sake jaddada sharuɗɗa, kuma ina so duk malami ya karanta su da idon basira. Ta ce takunkumi dole ne ga ɗalibi da malami da duk ma'aikaci. A auna zafin jiki, a sa wuraren wanke hannu, kar ruwa da sanitaiza su yanke. A dakatar da asambuli da ranar ziyarar iyaye a makarantun kwana. A rage cunkoso a aji da ɗakunan kwana. A samu ɗakin shan magani mai aiki, da wurin keɓe wanda ake zargin ya kamu, da hanyar kai shi asibiti. To ka duba duk wannan jerin ka gaya mini guda nawa ne malamin aji zai iya yi da hannunsa. Ɗaya ne, ya sa takunkuminsa, sai kuma ya sa ido a kan yara. Ruwa, sabulu, na'urar auna zafi, ƙarin azuzuwa, mota, duk aikin mai makaranta ne. In ta gwamnati ce, mai makaranta ita ce jiha da hukumarta ta ilimin matakin farko (SUBEB) da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, in ta kuɗi ce, wanda ya kafa ta yake karɓar kuɗin zango.

Dokar Janairu ma a kan wannan layin ta tafi. Ta ce ba wanda za a bari ya shiga wurin taruwar jama'a, har da wuraren aiki da makarantu, sai ya rufe hanci da baki, ya wanke hannu ko ya shafa sanitaiza, an kuma auna zafin jikinsa, wanda nasa ya haura digiri 38 a hana shi shiga a ba shi shawarar neman likita. Ta ce a bar tazarar mita biyu tsakanin mutane, kuma kar a tara fiye da mutum 50 a rufaffen wuri, in ban da wuraren ibada da aka ce kar su wuce rabin abin da suke ɗauka. Sannan ta ɗora alhakin tabbatar da bin waɗannan a wuyan wanda ke riƙe da wurin. Ka ga amsar Hajiya ke nan. Laifin da dokar ta ɗora a kanta kai tsaye a lokacin shi ne ita ta ƙi sa takunkumi, ko ta tare jami'in da ya zo duba bin doka, ko a gwada ta a tabbatar tana da cutar ta ƙi yarda a killace ta, don wannan ma dokar ta hana. Amma rashin bokiti a bakin get ko rashin takunkumi a fuskar yaron da uban sa bai saya masa ba, wannan tambaya ce da za a yi wa shugabancin makaranta, shi kuma ya ɗaga ta sama.

Ba ina cewa mu naɗe hannu ba ne fa. Yaran nan amana ce a hannunmu, kuma in cuta ta shiga aji ba ruwanta da sashe kaza na doka, malamin da ke tsaye gaban allo shi ne ma ya fi su shiga haɗari saboda shekaru. Abin da nake cewa shi ne mu san iyakar nauyinmu, don kar tsoro ya sa mu riƙa cire kuɗin cefane muna sayen omo da jarkar ruwa a ɓoye muna ganin kamar laifinmu muke rufewa. Na ga malaman da suka yi hakan, Allah ya saka musu, amma kyauta suka yi, ba bashi suka biya ba.

Maganar mita biyu ita ce inda takarda da ƙasa suka fi rabuwa. Na ɗauki awo na auna ajina, tsawo wajen mita takwas, faɗi bakwai. In ka ware wa malami wurin tsayuwa gaban allo, ka jera yara kowane da mita biyu tsakaninsa da ɗan'uwansa, da ƙyar za ka zaunar da goma sha shida. Rajistata kuma tana ɗauke da yara sama da saba'in, uku uku huɗu huɗu a benci ɗaya, wasu a ƙasa. Ko tsarin ilimi na ƙasa da ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare, ba mu taɓa kai shi ba tun kafin a san wata korona. Su ma masu rubuta ƙa'idojin sun san da haka, shi ya sa suka kawo hanyoyin fita, a raba yara 'yan safe da 'yan yamma, ko wasu su zo yau wasu gobe, ko a bambanta lokacin zuwa da tashi don kar a yi turmutsutsu a ƙofa, ko a fita da darasi waje inda iska ke kaɗawa. Wannan na ƙarshen ba baƙo ba ne a wurinmu, da yawanmu a gindin darbejiya muka koyi baƙaƙe.

Sai dai kowace daga cikin hanyoyin nan a kan jikin malami take sauka. In an raba aji biyu, darasin ma ya zama biyu, muryar kuma ɗaya ce. Ka yi bayanin safe cikin takunkumi kana ɗaga murya don na baya su ji, ƙurar alli na taruwa, numfashi na yi maka nauyi, ka sallami waɗannan ka yi azahar ka sake daga farko da wasu. Malamai mata da ke da girki da raino a gida, da waɗanda suke koyarwa a Islamiyya da yamma ko suke ɗan buga-buga don albashi ba ya kaiwa ƙarshen wata, su tsarin safe da yamma ya fi dagula wa lissafi. A ganina duk makarantar da za ta raba zama, ya kamata ta raba malamai ma, a zauna a yi jadawali a fili kowa ya ga nasa, ba a wayi gari kawai a ce daga yau kowa zai kai la'asar ba.

Ga kuma hunturu. Ƙa'ida ta ce a bar tagogi a buɗe iska ta riƙa ratsawa, kuma gaskiya ce, a rufaffen ɗaki cutar ta fi yaɗuwa. Amma a watan Janairu da sanyin safe da hazo rabin aji na tari da majina, ta ina malami zai bambance mura da korona? Ba zai iya ba, kuma ba a ce ya iya ba. Ba a naɗa mu likitoci ba. Abin da ake so shi ne in yaro ya zo da zazzaɓi, ko tari mai naci, ko numfashi na yi masa wuya, ko ya ce ba ya jin ƙamshi da ɗanɗano, a cire shi daga cikin 'yan'uwansa cikin mutunci a zaunar da shi wuri na daban, a sanar da hedimasta, a kira iyaye, a tuntuɓi jami'an lafiya na ƙaramar hukuma. Don Allah ban da kiran yaro "ɗan korona" ko da wasa, yara suna riƙe irin wannan suna har su gama makaranta. Mu ma haka, malamin da ya tashi da zazzaɓi ya zauna a gida ya aiko da saƙo. Na san halinmu na daurewa, a sha farasitamol a zo a sa hannu a rajista don kar a ce ka yi fashi, to a wannan yanayin daurewar ita ce cutarwa.

Inda na fi jin ciwo shi ne batun dattawanmu. A Disamban 2020 kwamitin shugaban ƙasa kan korona, wanda Boss Mustapha ya jagoranta a lokacin, ya shawarci waɗanda suka haura 60 da masu fama da wasu cututtuka irin su ciwon suga da hawan jini su zauna a gida su guji cunkoso, ya kuma ce ma'aikatan gwamnatin tarayya daga mataki na 12 zuwa ƙasa su dakata da zuwa ofis. Mu kuwa aikinmu cunkoson ne kansa. Duk wanda ya ga yadda aka yi ta rasa dattawa a Kano a watan Afrilun 2020 ba zai ɗauki wannan da wasa ba. Shawara ce kwamitin ya bayar, ba hutu ne da malami zai ɗauka da kansa ba, don haka wanda ke da irin wannan lalura ya samo takardar asibiti, ya rubuta wa shugaban makaranta yana neman a sauƙaƙa masa, a ba shi aji mai ƙarancin yara ko aikin ofis ko darasin waje, ya ajiye kwafi. Shugabanni kuma su ji tsoron Allah su duba.

Kar mu manta ma'aikatan makaranta ba malamai kaɗai ba ne. Maigadi ne aka miƙa wa na'urar auna zafi, shi ke kusantar goshin kowane yaro da safe, sau da yawa ba wanda ya nuna masa yadda ake karanta ta ko ya ba shi batir in ta mutu. Masu shara su ke taɓa ƙofofi da bencina da banɗaki. A makarantun kwana ga masu girki da masu kula da ɗakunan kwana, kuma dokar ta ambaci wuraren kwanan ɗalibai da suna. In makaranta ta samu takunkumi da safar hannu, waɗannan ya kamata a fara ba.

Malaman makarantun kuɗi kuwa nasu ya fi na kowa tsanani, da yawa sun yi watannin kulle ba ko sisi, don iyaye ba su biya ba mai makaranta ya ce ba shi da abin biya. Gwamnatin tarayya ta buɗe asusun tallafin ƙananan sana'o'i na naira biliyan 75 a Satumban 2020, har makarantu aka fara buɗe wa rajista, ana biyan ma'aikaci dubu 30 ko dubu 50 a wata na tsawon wata uku, amma mai makaranta ne ke shigar da sunaye kuma adadin da ake ɗauka a kowace makaranta ƙayyadadde ne, wasu sun samu da yawa ba su samu ba. Mutumin da ya dawo aji da bashin haya a kansa, a ce kuma shi zai sayi sanitaizar aji, wannan ba daidai ba ne ta kowace fuska.

Abin da muka yi a wurinmu bayan maganata da Hajiya shi ne muka ɗauko littafi ɗaya muka ajiye a ofis. Duk ranar da ruwa ya ƙare, ko sabulu, ko na'ura ta tsaya, malamin da ke kan aiki ya rubuta kwanan wata da abin da babu ya sa hannu, hedimasta ya sa nasa, ƙarshen mako a kai wa kwamitin iyaye da al'umma mai kula da makarantar (SBMC) da sakataren ilimi, a kuma ba wakilin ƙungiyar malamai ta NUT kwafi. 'Yan sanda da sibil difens da sauran jami'ai dokar ta ba su ikon tabbatar da ana bin ta, a Abuja a farkon 2021 har kotun tafi-da-gidanka ta fara zama kan masu yawo ba takunkumi, to in wata rana aka zo duba makarantarmu akwai abin da za mu buɗe mu nuna cewa mun faɗa kuma mun rubuta. A makon farko da aka kai littafin, iyaye biyu a kwamitin suka ɗauki nauyin kurar ruwa ɗaya kullum da safe, kuma mun mayar da aji huɗu gindin bishiya daga ƙarfe goma in rana ta ɗan yi ɗumi.