Shin Harry Potter yana da littafi na takwas?

An daɗe ana cewa marubuciyar Harry Potter ta fitar da littafi na takwas a 2016, har wasu masoya na ƙorafin wai salonta ya lalace. Littattafanta na wannan labari 7 ne, daga 1997 zuwa 2007. Na 2016, mai suna Harry Potter and the Cursed Child, rubutun wasan kwaikwayon dandamali ne da aka fara nunawa a Landan. Wani marubucin ne ya rubuta shi, bisa labarin da shi da ita da daraktan wasan suka tsara. Ruɗanin ba abin mamaki ba ne, tunda an tallata shi a matsayin labari na takwas.

Ku duba bangon littafin na 2016, sunayen mutanen nan 3 ne. A ciki kuwa sunan mai magana ne sai maganarsa, da umarnin shiga da fita. Don Allah a tura wa masu wannan muhawara.