Wai marasa addini sun fi masu addini ƙwaƙwalwa?

Muna zaune a shagon wani abokina a Shara Mansur da ke Makka bayan Isha, sai ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Ummul Ƙura ya miƙo mini waya, ransa a dagule. Ya ga wani yana cewa kimiyya ta tabbatar mulhidai, wato waɗanda ba su yarda akwai Allah ba, sun fi masu imani basira. Ga abin da ya tambaya da yadda na amsa masa.

Kawu, da gaske an yi wannan binciken?

An yi. A 2013 Miron Zuckerman na Jami'ar Rochester a Amurka da abokan aikinsa biyu suka tattara bincike 63. A 53 daga ciki, makin gwajin basira na IQ yana ɗan sauka inda riƙo da addini ya hau. Sai dai alaƙar ba ta taka kara ta karya ba, wajen 0.2 ce a ma'aunin da cikarsa 1. Ka kamo mutum guda a harabar Harami, sanin ƙarfin imaninsa ba zai gaya maka makinsa ba. Kuma galibin waɗanda aka gwada Turawan Yamma ne, yawancinsu Kiristocin Amurka.

To jadawalin nan da ya jera ƙasashe fa?

Nan ne raina ke ɓaci. Na Richard Lynn ne da abokansa, sun jera ƙasashe 137 suka ce inda mulhidanci ya yi yawa nan basira take. Ƙasashen Afirka su ne a ƙasan jadawali. Amma ina ya samo alƙalumansa? Makin da ya taɓa ba ƙasar Ikwatoriyal Gini, daga baya aka gano na wasu yara ne a gidan masu larurar ƙwaƙwalwa a Sifen. Da irin wannan aka yi wa al'umma guda hukunci! A 2018 Jami'ar Ulster ta janye masa muƙamin girmamawa na farfesa. Ban da haka, ƙasashen da ke saman jadawalin su ne masu makarantu da asibitoci da abinci wadatacce, kuma waɗannan kowa ya san suna ɗaga maki.

Ashe makin ba halitta ba ne?

Ba duka ba. A ƙarni na 20 makin IQ ya riƙa hawa da kusan 3 duk shekara goma a ƙasashe da dama, kamar yadda James Flynn ya nuna. Gwajin ya fi jin daɗin wanda ya saba da alƙalami da jarrabawar boko. Alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka, babu tambaya ko ɗaya a takardar da za ta auna wannan aiki nasa.

Masana kimiyya fa, ba duk mulhidai ba ne?

A'a. Cibiyar Pew ta tambayi masana kimiyyar Amurka a 2009, kashi 51 cikin 100 suka ce sun yarda da Allah ko wani iko na sama. Sun gaza sauran jama'ar ƙasar nesa ba kusa ba, wannan kam gaskiya ne. Georges Lemaître kuwa, wanda ya kawo batun faɗaɗar sararin samaniya a 1927, limamin Katolika ne.

An ce zurfin tunani yana rage imani.

Will Gervais da Ara Norenzayan ne suka faɗi haka a 2012. Har hoton gunkin wani mai tagumi suka nuna wa mutane, suka ce ya rage musu imani. Da aka maimaita gwajin hoton da mutane masu yawa a 2017, ba a ga komai ba.

A irin waɗannan gwaje-gwaje akan yi tambayar tarko, sai na ɗana masa guda da kayan shagon: darduma da carbi riyal 110, darduma ta fi carbi tsada da riyal 100, nawa ne carbi? Ɗalibin jami'a ya yi wuf ya ce goma. Mai shago, wanda iyakarsa makarantar allo, bai ko ɗago kai daga lissafinsa ba ya ce, "Biyar ne, ɗana."