Hash: Zanen Yatsan Bayanai

Hash lissafi ne da kwamfuta ke yi a kan rubutu ko fayil, ta fitar da gajeren jerin lambobi da haruffa mai ƙayyadadden tsawo, ko kalma guda aka ba ta ko littafi sukutum. Ana kamanta shi da zanen yatsa, domin rubutu ɗaya kullum sakamako ɗaya yake bayarwa, amma da zarar an taɓa ko ɗigo, sai sakamakon ya sauya kamannu gaba ɗaya. Kuma ba a iya warware rubutun asali daga hash ɗinsa. Nan ya bambanta da ɓoye saƙo, wanda mai mabuɗi ke iya buɗewa. Idan aka ba SHA-256, ɗaya daga cikin nau'o'in hash, haruffan abc, misali, yakan fitar da jeri mai alamomi 64 da ya fara da ba7816bf ya ƙare da f20015ad.

Ronald Rivest ya ƙirƙiro nau'in hash mai suna MD5 a 1991, mai tsawon bit 128 (bit shi ne 0 ko 1 guda a ƙirgen kwamfuta), wato alamomi 32. SHA-1 mai bit 160 ya fito daga hukumar NIST ta Amurka a 1995, dangin SHA-2 da SHA-256 ke cikinsu suka biyo baya a 2001, sannan SHA-3 a 2015. Babban dalilin wannan sauye-sauye shi ne fargabar karo, wato a samu fayil biyu mabambanta masu hash ɗaya. A 2004 Wang Xiaoyun ta ƙasar Sin da abokan aikinta suka nuna karo a MD5. A Fabrairun 2017 kuma Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka fitar da fayilolin PDF biyu masu SHA-1 iri ɗaya. MD5 na iya gano fayil da ya lalace a hanya, amma bai kamata a jingina tsaro a kansa ba.

Amfanin da aka fi sani shi ne tantance abin da aka sauke daga intanet. Masu manhaja kan wallafa hash ɗin fayil ɗinsu, wanda ya sauke ya lissafa nasa ya gwada. A kwamfuta mai tsarin Linux ana amfani da umarnin sha256sum, a Windows kuma Get-FileHash ko certutil. Git, manhajar adana sauye-sauyen aikin masu rubuta manhaja, na bambance ajiyarsa da SHA-1 tun asali, Bitcoin kuwa da SHA-256 yake aiki. Kalmar sirri ita ma ana ajiye hash ɗinta ne, amma da lissafi mai nauyi da gangan irin bcrypt ko Argon2, don cankar ta ta yi wuya.

A wajen rubutu ne mutane suka fi ruɗewa, domin lissafin ba ma'ana yake dubawa ba, bayit yake ƙirgawa, wato lambobin da kwamfuta ke ajiye haruffa da su. Mai rubutun Hausa ya kamata ya kula da wannan sosai. A tsarin ajiye haruffa na UTF-8 harafin k bayit ɗaya ne, ƙ kuwa biyu, don haka ƙasa da kasa hash ɗinsu ba ya ko kama da juna. Haka ƴaƴa da 'ya'ya, ko da yake ga mai karatu kalma ɗaya ce. Akwai ma abin da ido ba ya gani: sarari a ƙarshen jimla, ko alamar sabon layi, wadda Windows ke rubutawa da bayit biyu, Linux da ɗaya. Sau da yawa in hash biyu suka saɓa a kan rubutun da ido ke gani iri ɗaya, a nan matsalar take.

Hash bai fi inda aka samo shi aminci ba. A Fabrairun 2016 an kutsa shafin Linux Mint, wani nau'in Linux, aka karkatar da masu saukewa zuwa gurɓataccen fayil, aka kuma sauya hash ɗin da ke shafin ya dace da shi. Shi ya sa masu manhaja da dama ke sa hannun dijital a kan jerin hash ɗinsu, da kayan aiki irin GPG, domin mai saukewa ya fara tabbatar da wanda ya rubuta jerin kafin ya gwada fayil ɗin da shi.